Hannun Anti Dalma

Ƙarfe shida da rabi na safe take isowa, tun mai shara bai gama goge baranda ba. Ba ta bin babbar ƙofar asibiti. Ta baya take shigowa, ta sauka matakala goma sha huɗu zuwa ɗakin da ke ƙarshen lungu, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Sai ta kunna fitilu, ta shafa gadon ƙarfen da ke tsakiyar ɗakin ta ji sanyinsa, ta shimfiɗa bargo biyu. Daga nan ta bi rigunan dalma masu tare hasken na'ura da ke rataye a bango, tana lalube ko akwai wadda ta tsage. Tata ce ta ƙarshe, shuɗiya da ta koɗe, nauyinta ya kai na jaririn wata shida. Ta saɓa ta a kafaɗa, ta ɗaure ƙugu, ta sa hula da takunkumin fuska, ta ɗora tabarau mai kauri. Kafin a turo mai ciwo na farko, sai ta tsaya gaban famfo ta sakar wa hannuwanta ruwan ɗumi har su ɗauki zafi, sannan ta zura safar hannu. Haka safiyarta ta kasance shekara ashirin da shida, har zuwa wata biyu da suka wuce da ta yi ritaya.

Abokan aiki Anti Dalma suke ce mata, saboda rigar nan. Sunanta na yanka yana jikin takardun asibiti, kuma ta roƙe ni kada in sa shi a nan. Na amsa mata, amma ban yi alkawarin yin shiru ba. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin zai ɓata rai. Ni kuma ina da dalilin da ya wuce yabo: na yi wa matar nan laifi a kan idonta, kuma a bainar jama'a nake so in nemi gafara.

Ga wanda bai san ɗakin ba, Allah ya sa kada ya san shi, bari in faɗi abin da ake yi a ciki. Masu ciwon dajin hanta ake kawowa, waɗanda likita ya duba ya ce wuƙa ba za ta iya ba. Maimakon a ɗura magani a hannu ya zagaye jiki duka yana dukan mai laifi da marar laifi, sai a huda jijiyar saman cinya, a zura wani siririn tiyo mai kaurin tsinken tsintsiya, a yi ta lallaɓa shi har ya kai bakin jijiyar da ke shayar da ƙarin da ya tsiro a hantar. Nan ake sakin maganin, a ƙofar gidan ɓarawon. Likita ba ya ganin inda tiyon ya kai sai a allon na'urar hoto, ita kuwa hanta ba ta zama wuri ɗaya, kana numfashi tana hawa tana sauka. Saboda haka duk sanda za a ɗauki hoton da zai nuna hanya, dole mai ciwo, wanda idonsa biyu, ya riƙe numfashi na ɗan lokaci. A daidai lokacin ne hasken na'urar ke ƙaruwa, haske mai illa ga wanda ke shan sa kullum. Sai jar fitila ta kama a saman ƙofa, kowa ya koma bayan gilashi, a yi wa mai ciwo magana ta lasifika: ja numfashi, riƙe, saki. Mutum ya rage shi kaɗai a kan ƙarfe, ga injin da ya fi shi girma rataye a saman cikinsa.

Kowa ke fita ban da ita. In ta ga mai ciwo ya tsorata, sai ta jawo allon dalma mai taya ta tsaya a bayansa, ta miƙo hannu ta kama nasa. Kuma ba kama hannun kaɗai ba. In an ce riƙe, ita ma riƙewa take yi. Likitan sashen, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya tare, ya ce ya taɓa tambayarta dalili, ta ce: "Likita, in ban riƙe nawa ba, ta yaya zan san ya ishe shi?" Da ta ji ƙirjinta ya fara nauyi sai ta ɗaga masa yatsa, shi kuma ya san lokacin sakin ya yi. Ya ce mini: "Ni in ka nuna mini hantar mutum zan gaya maka ranar da ya zo. Fuskarsa kuwa kada ka tambaye ni. Wannan ɓangaren ita na bar wa."

Mai tura gado, wani dattijo mai son zance, shi ya ƙarasa mini sauran. "Nas nawa aka turo ɗakin nan suka gudu? Wannan ta ce bayanta, waccan ta ce hasken yana hana haihuwa, wata ko sati ba ta rufa ba. Ita kuwa kamar dasa ta aka yi." Ya ce abincin rana a matakalar baya take ci ita kaɗai, don kafin ta gama danne cinyar mai ciwo jini ya tsaya, ɗakin cin abinci ya watse. Mijinta ya rasu shekara tara ke nan, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa, sai dai waya. "Abin haushi," in ji shi, "wata rana muna tsaye da ita a bakin titi muna jiran mota, sai ga wani da ta riƙe wa hannu sau biyar. Ya rungume ni, ni mai tura gado, yana ta zuba godiya. Ita ko kallo ba ta ishe shi ba. Na buɗe baki zan ce ai ga ta nan, ta take mini ƙafa."

Ban ga laifin mutumin ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita fuskar wa ya taɓa gani? Masu ciwon sashen nan jininsu ba ƙarfi, mura kaɗai tana iya kwantar da su, shi ya sa daga saukarta matakala har fitarta takunkumi ba ya barin bakinta. Ɗaruruwan mutane sun san ɗumin tafin hannunta, amma in sun haɗu a kasuwa wucewa za su yi.

Yayata ce ta kai ni wannan ɗaki. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta bar makaranta tun ba ta iya haɗa baƙi ba don ni in yi. Shekara ashirin da biyu ta yi a masaƙa tsakanin injuna, ta fito da kunnuwan da ko tsawa ba sa ji. Da ido take jin magana, ta zuba wa leɓɓanka ido ta tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin baya a gidana, kuma har yau, da furfurata da jikokina, Auta take ce mini. Da aka gano ƙarin a hantarta, likita ya ce yanka ba zai yiwu ba, kuma zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci ba. Hanya ɗaya ta rage: tiyon nan, sau huɗu, da makonni a tsakani, idonta biyu.

Ranar farko Anti Dalma tana wani ɗakin ana aikin gaggawa. Aka shiga da Yaya, ba a yi minti arba'in ba aka fito da ita. Lasifika ta yi ta cewa riƙe, Yaya tana ta haki. Hoto ya fito kamar an zuba masa ruwa. Likita ya zare tiyon, ya same ni a baranda ya ce: "Malam, in ba za ta iya riƙe numfashi ba, ba ni da idon da zan ga hanya. Ba zan saki maganin nan a makance ba."

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani. Na sunkuya kan gadon na sa fuskata a saitin tata, ina ɗaga murya kamar muryar za ta yi wani amfani. "Yaya, numfashi kawai aka ce ki riƙe! Numfashi! Ko ɗan yaye zai iya!" Ta karanta bakina tsaf. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce: "Auta, ban ga bakin kowa ba. Duk sun rufe." Sai a lokacin ya faɗo mini cewa na tura kurma ɗakin da kowa ke sanye da takunkumi, sannan na zo ina mata faɗa.

Ina nan tsaye da kunyata sai ga wata gajeriyar mata cikin shuɗiyar riga mai nauyi, ba abin da ake gani sai tabarau. Ba ta kula ni ba. Ta kama hannun Yaya, ta buga bayansa sau biyu da babban yatsa. Yaya ta dube ta. Matar ta matse hannun a hankali tana jan numfashi har kafaɗunta suka ɗaga, ta riƙe shi gam ta tsaya cak, can ta saki hannun ta saki numfashin tare. Ta sake. A karo na uku na ga ƙirjin Yaya yana bin nata.

Na ce: "Anti, ai da kin sauke takunkumin, tana gane magana a baki."

Ta ce: "A ciki ba za ta ga bakina ba. Gara ta saba da hannun tun daga nan." Sai ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Kai ne ƙanen?"

"Ni ne."

"A gida wa ke mata hira?"

Gaskiyar ita ce hirata da Yaya ta daɗe da komawa kalma biyu daga bakin ƙofa: kin ci? Magana da ita sai ka tsaya, ka fuskance ta, ka maimaita, ni kuwa kullum ina sauri. Matar da ta goya ni tana zaune taku ashirin daga ɗakina, ta yi shekaru ba wanda ya ba ta labarin da ya wuce na abinci. Anti Dalma ba ta jira amsa ba. Ta ce in kawo ta gobe da jibi da gata, ƙarfe bakwai, kafin a fara aiki.

Kwana uku suna wannan darasi a ɗan ɗakin shiri, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya rubuta shi a takarda. Bugu biyu, ga ni. Matsa a hankali, ja. Matsa gam, riƙe. Sakin hannu, saki numfashi. In zafi ya yi yawa, Yaya ta sosa mata tafin hannu. Rana ta huɗu aka sake shiga. Awa biyu ina zaune a bencin baranda ina kallon jar fitila tana kamawa tana mutuwa. Da likita ya fito, idonsa kaɗai ya isa ya ba ni labari. Ya ce ko masu kunne ba su cika ba shi hoto mai kyau haka ba.

Ke ce kika yi wannan, Anti. Na'urar tana nan tun kafin ranar, maganin yana nan, likita yana nan da iliminsa, amma duk sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofar kurma ɗaya, sai da kika zo da hannu mai ɗumi. Jaruma mai sulken dalma, ban san wani kirari da zan yi miki da ya wuce wannan ba, kuma na san ko shi ɗin ma tsaki za ki yi masa.

Yaya ba ta san sunan Anti Dalma ba, Mai Hannu take ce mata. Aka yi zagaye na biyu, aka yi na uku. Kowanne sai ya kwantar da ita kwanaki da zazzaɓi da amai, amma ana gobe komawa za ka ga ta ninke kayanta da kanta. Hoto ya nuna ƙarin ya ja baya fiye da rabi. Likita bai ce an warke ba, ba ya cikin masu faɗin abin da ba su gani ba. Ya ce dai na huɗun shi ne murfin, in aka bar shi, abin da aka kora zai dawo.

An sa ranar na huɗu mako ɗaya kafin ritayar Anti Dalma. Sai gwajin jini ya nuna jinin Yaya ya yi ƙasa, aka ɗaga mako uku. Ni ban ma san da zancen ritayar ba, sai bayan ta tafi da na je karɓar sabuwar rana mai tura gado ya fesa mini. Ya ce an yi mata ɗan taron sallama a ofis, amma lokacin tana can tana danne cinyar wani tsoho da jininsa ya ƙi tsayawa. Kafin ta hau sama shayi ya huce, mutane sun koma bakin aiki. Aka miƙa mata agogon bango a kwali, ta yi godiya, ta rataye rigarta a ƙusarta, ta fita ta ƙofar baya. Wadda ta gaje ta wata nas ce da aka ɗauko daga ɗakin haihuwa, uwar 'ya'ya uku, ana ce mata Doguwa.

Na gwada Yaya da zancen daga nesa. Na ce, in wata rana Mai Hannu ba ta nan fa? Ta ce: "In ba ita, a bar ni in mutu a ɗakina. Ba na sake kwanciya a wurin nan ni kaɗai." Na san Yaya, in ta kafe ko jirgi ba ya jan ta. Sai na yi abin da matsoraci ke yi. Na dube ta ido cikin ido, na motsa leɓɓana a hankali yadda ba za ta yi kuskuren karantawa ba, na ce: "Tana nan. Tambaya kawai na yi."

Ranar ta zo. Aka kai Yaya ɗakin kwanciya a shirya ta, ni na sauka na zauna a bencin nan. A ɗaya gefen bencin akwai wata tsohuwa da mayafi ruwan toka, jaka a cinya, irin dangin masu ciwo da ke cika wurin. Muka gaisa sama-sama. Ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami, ko bango na samu sai na gaya masa.

Na ce: "Baba, ke ma naki ne a ciki?"

Ta ɗaga kai alamar e.

Na ce: "To Allah ya ba ki haƙuri, kin zo a makare. Da akwai wata a nan mai riƙe wa mutane hannu. Ta sa yayata ta saba da ita, ta sa ta yarda da ita, saura zagaye ɗaya tak, wai ta yi ritaya. Ko sallama! Mako biyu ne fa, da ta ƙara me zai ci ta? Amma ina, an ba ta agogo ta kama gabanta. Haka suke duk, aiki ne kawai a wurinsu. Mu ne wawaye da muka ɗauka da zuciya take yi."

Tsohuwar ta ce, can ƙasa-ƙasa: "Allah ya ba ta lafiya." Ta ci gaba da murza tafin hannuwanta a cikin mayafi. Na ɗauka sanyin wurin ne ya dame ta.

Sai muka ji muryar Yaya tun daga kan lungu. Kurma ba ya jin ƙarfin muryarsa, tata kuwa ranar har bango sai da ya amsa. Mai tura gado yana turawa, Doguwa tana gefe tana neman kama mata hannu, Yaya ta ƙanƙame ƙarfen gadon da hannu biyu. "Ba ita ba ce! Auta, ka yi mini ƙarya! Wannan ba hannunta ba ne! Ku mayar da ni!" Likita ya leƙo daga ƙofa. Na miƙe, ƙaryata ta ƙare a nan, kuma na ga zagaye na huɗu yana zamewa daga hannunmu.

Tsohuwar ta tashi. Sai da ta miƙe na ga kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu sauka, irin saukar da kaya mai nauyi ke bari. Mai tura gado ya tsaya cak, ya dube ta, ya dube ni, ya kawar da kai. Ta taka zuwa bakin gadon, ta ɗora hannu a kan na Yaya da ke manne da ƙarfe, ta buga bayansa sau biyu da babban yatsa.

Ihun ya yanke kamar an kashe rediyo. Yaya ta saki ƙarfen, ta juya hannun ta kama nata, ta daɗe tana kallon fuskar: ƙaramin baki, haƙori ɗaya ya fita, shatin tabarau a karan hanci. Ta ce: "Ashe haka kike."

Karon farko ke nan da Yaya ta ga bakinta, Anti Dalma kuwa ta yi mata magana a hankali, kalma bayan kalma. "Yanzu ba a bari in shiga. Na ajiye rigar. Amma wannan ni na koya mata, mako biyu muna yi kafin in tafi. Ina nan a bencin nan, ba inda za ni sai kin fito." Ta jawo hannun Doguwa ta ɗora a na Yaya, ta rufe su da nata. Su uku suka ja numfashi, suka riƙe, suka saki.

Yaya ta yamutsa fuska. "Hannunta sanyi."

Anti Dalma ta harari Doguwa. "Ban ce miki ruwan ɗumi ba?"

"Wallahi Anti na manta, ihun ne ya ruɗa ni."

"To wuce famfo, tana jiran ki."

Aka shiga da Yaya, ƙofa ta rufe. Tsohuwar ta dawo ta zauna inda take, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga mini hannu alamar in dakata. Idonta na kan saman ƙofa. Jar fitila ta kama. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, ƙirjinta ya tsaya, hannunta na dama ya dunƙule a kan jaka babu kowa a cikinsa. Na ƙirga goma sha biyu a raina. Fitila ta mutu, ta saki numfashi. Sau tara fitilar ta kama a ranar, sau tara ta riƙe. A na biyar na tsinci kaina ina riƙewa tare da ita, hawaye suna bin gemuna.

Da aka fito da Yaya, likita ya ce maganin ya sauka inda ake so. Anti Dalma ta buga mata hannu sau biyu, ta ɗauki jakarta. Na bi ta har matakala ina cewa ta yafe mini, baki ne, rashin sani ne. Ta ce: "Ai ba ƙarya ka yi ba, agogon yana nan, yana aiki ma." Na tambaye ta wa ya gaya mata ranar. Ta ce ita ta rubuta ta da hannunta kafin ta tafi, ta sake rubutawa a kalandar ɗakinta. Sai ta ƙara da cewa: "Ka daina yi mata magana daga bakin ƙofa. Shiga za ka yi ka zauna." Na tsaya ina kallonta ta ratsa harabar asibitin da ta ba shekara ashirin da shida, ta wuce masu gadi da nas-nas da masu jinya, ba wanda ya ce mata sannu. Ta tsaya a bakin titi ita kaɗai har mota ta zo.

Yanzu kullum da safe nakan shiga ɗakin baya in zauna. Nakan murza hannuwana tukuna, don Yaya ba ta raga wa kowa a kan sanyin hannu. Ina ba ta labarin unguwa, da na jikoki, da wanda bai kai a ba da ba. A irin wannan zaman ne, kwana goma bayan an sallame ta, ta dube ni ta ce: "Auta, ita Mai Hannu, a gidanta wa ke mata hira?"

Washegari na nemi mai tura gado. Ya kwatanta mana gidan. Ɗaki biyu ne a saman wani bene, tsaf-tsaf, shiru kamar ba kowa, ba abin da ke motsi sai agogon nan a bango. Tun daga ranar duk mako nake kai Yaya. Ba sa wata doguwar magana. Sukan zauna a kujera ɗaya kusa da taga, hannu cikin hannu, ni ina gefe ina shan shayi kamar direban haya.

Anti, na gode. Yaya ta gode. Na gode a madadin mutumin bakin titi da ya rungumi mai tura gado, da duk waɗanda suka wuce ki a hanya da ranki a cikin nasu ba su sani ba. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon kafaɗar nan, ya dawo miki da ɗanki kusa, ya sa ranar da za ki buƙaci hannu ki samu mai ɗumi. Ku kuma da ke aiki a ɗakunan da ba taga, da masu sa takunkumi da masu shirin sawa, ba na ce ku tsaya cikin haske ba allo ba, ita ma ba ta yi haka ba. Cewa na yi ku tuna akwai famfo a bakin ƙofa, kuma minti ɗaya ya isa hannu ya yi ɗumi. Mu sauran da ba mu da riga ba mu da takunkumi, kowa ya duba ɗakin bayan gidansa ya ga wa ke zaune a ciki.

Makon jiya da za mu bar gidan nata, Yaya ta riga ni sauka. Na miƙa wa Anti Dalma gaisuwa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, sai na tuna, na koma ciki na zauna. Ta ce: "Ka koyi karatu." Agogo yana ta bugawa. Daga ƙasan bene Yaya ta ƙwala kira da muryar nan tata da ba ta san ƙarfinta ba: "Auta! Ka gaya mata mako mai zuwa da wuri za mu zo, kada ta ci abinci ita kaɗai!"